Ɗinka wa Yara Tufafin Bazara: Wajibi ko Kyautatawa?

Tufatar da yaro haƙƙi ne da Musulunci ya ɗora wa uba, daidai da ci da sha da wurin kwana, gwargwadon ƙarfinsa da al'adar garinsu. Malaman Malikiyya sun bambanta hidimar cikin gida da sana'o'i irin su kaɗi da saƙa, waɗanda ba a tilasta wa mace. Saboda haka uwar da ta zauna kan keke tana ɗinka wa 'ya'yanta riguna kyautatawa take yi, kuma tana da lada gwargwadon niyyarta.

Manufar tufafi ita ce sutura da kariya, kuma Alƙur'ani, a Suratun Nahli, ya lissafa rigunan da ke kare mutane daga zafi cikin ni'imomin Allah. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maraɗi. A wannan lokaci yadin roba yana riƙe gumi, ya jawo wa yaro ƙuraje a wuya da hammata. Yadin auduga mara nauyi, da aka yanka da yalwa, shi ke barin iska ta ratsa jiki.

Akwai kuma batun tattali. Ragowar atamfa kan isa rigar yarinya, kalmasa mai faɗi kuma ana warware ta idan yaro ya ƙara tsawo, sannan rigar ta gangara ga ƙane. Wannan guje wa almubazzaranci ne. Aikin ba ƙasƙanci ba ne, domin Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi (SAW) yana ɗinke tufafinsa da hannunsa.