ZAƁEN LUTU DA ZAƁEN 'YA'YANMU

Karatu: Farawa 13:5-13, Luka 3:12-14



Kwanakin baya muka zauna da samari da 'yan mata bayan sujada, muka tambaye su aikin da kowa ya ke so ya yi idan ya gama makaranta. Wani ya ce kwastan, wani soja, wata kuwa likita. Sai wani yaro ɗan Bugaje, mai shekara kamar 16, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Fasto, ni dai ko wane ne, in dai kuɗi na shigowa da sauri." Ba mu tsawata masa ba, gama mun sani ba shi ya ƙago maganar ba. A bakinmu ya ji ta, mu iyaye, sa'ad da mu ke yabon ɗan wane da ya sayi mota, ba mu kuwa tambayi inda kuɗin ya fito ba.

Bari mu duba wani zaɓe cikin Littafi Mai Tsarki. Ibram da Lutu ɗan ɗan'uwansa suka yi dukiya har ƙasar ta yi musu kaɗan, makiyayansu suka soma faɗa. Ibram ya ba Lutu dama ya zaɓi inda ya ke so. Lutu ya hangi kwarin Urdun, ya ga ruwa da ciyawa, ya zaɓa. Ku lura, littafin bai ce ya yi addu'a ba, bai ce ya nemi shawarar babba ba, bai kuwa bincika halin mutanen da za shi zauna cikinsu ba. Idonsa kaɗai ya shawarta. Ciyawar kuwa ta gaske ce, riba kuma ya samu. Amma da sarakuna suka kawo yaƙi aka kwashe shi da kayansa duka, sai da Ibram ya bi su da mutum 318 ya ƙwato shi. Bai daddara ba, ya koma Saduma. A ƙarshe ya fita ba garke, ba gida, matarsa ta hallaka a hanya, ya ƙare cikin kogon dutse.

Mu ma muna da namu kwarin Urdun, shi ne kan iyaka. Daga Magama zuwa Ɗan Isa, har Maraɗi, hanyar fatauci ce tun kakanni, ciniki na halal kuwa ba zunubi ba ne. Amma yaranmu sun daɗe suna ganin tsaransu suna ɗaura jarkokin fetur a babur suna ƙetarawa, su komo da buhunan shinkafa, kafin la'asar sun sami abin da malamin makaranta ba ya samu a mako. Yaro ya ce a ransa, "Me zan yi da allo da alli?" Sai ya bar aji uku na sakandare.

To, ku tuna abin da idonmu ya gani. A watan Agusta ​na 2019 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, ribar jarka ta ragu ƙwarai. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sāke rufe iyakar, sai Maris 2024 aka buɗe. Gaskiya ne waɗansu sun ci riba ta barauniyar hanya a kwanakin nan, amma da ransu a hannu, cikin daji mai 'yan bindiga. Da yawa kuwa suka zauna a gindin bishiya, ba ciniki, ba takardar makaranta, ba sana'ar hannu. Abincin da ya rataya ga ƙofar da wani ke buɗewa yana rufewa, ba naka ba ne tukuna.

Kada wani ya ce Fasto yana ƙin aiki mai albashi. Ko kaɗan. Talauci ba tsarki ba ne, ekklesiya kuwa tana bukatar 'ya'yanta cikin asibiti da kotu da ofisoshin gwamnati. Masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma suna tambaya me za su yi. Bai ce su ajiye aikinsu ba. Ya gargaɗi na farko kada su ƙara kome a kan abin da aka yanka, ya gargaɗi na biyu su bar ƙwace da ƙazafi, albashinsu ya ishe su. Saboda haka yaron da ke son kaki, sai mu tambaye shi a fili: albashin ka ke so, ko abin da ka ke tsammani za a miƙo maka ta tagar mota? Idan na biyun ne, ka riga ka kafa alfarwarka kusa da Saduma tun ba ka sa kakin ba.

Ga tambayoyi uku da ya kamata kowane saurayi da budurwa su yi kafin su cika takardar JAMB, ko su shiga koyon sana'a.

Ta fari: zan iya kawo kuɗin aikin nan gaban Ubangiji in yi godiya ba da kunya ba? Aikin da sai da dare a ke yi, ko sai an yi ƙarya, ya riga ya amsa.

Ta biyu: Allah ya ba ni baiwar aikin nan? Karatun likita shekara 6 ne a jami'a, bayansa ga kwana a asibiti tsakanin jini da kuka. Wanda ya shiga domin kuɗi kaɗai za shi gaji, marasa lafiya su sha wahalar gajiyarsa. Mai hannun gyaran inji kuwa, kada ya ji kunyar kanikanci ko walda. Ubangijinmu da kansa masassaƙi ne a Nazarat, Bulus kuma maɗinkin alfarwa.

Ta uku: wane ne za shi amfana ban da ni? Ga misali a maƙwabtanmu. Wani mai ilimin noma daga Ostareliya, Toni Rinaudo, ya yi aiki tare da mishan na SIM a ƙasar Maraɗi. A 1983 ya lura kututturan itatuwa da ke cikin gonaki suna da rai, idan an rage tohonsu aka bar ƙalilan sai su zama bishiya. Manoma suka karɓi dabarar, suna ce da ita sassabin zamani. An kimanta itatuwa wajen miliyan 200 sun komo a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Aikin gona ne, irin wanda yaranmu ke rainawa, ga shi ya ciyar da gidajen da ba su ƙidayuwa.

Ƙasarmu ba ta rasa irin wannan aiki ba. Ga madatsar ruwa ta Jibiya tana jiran masu sanin noman rani. A Fabrairu 2021 aka ɗora harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, irin wannan aiki kuwa injiniya da magini da mai walda ya ke nema. Ƙauyukanmu suna bukatar unguwarzoma da malamai. Makarantun koyo suna kusa: Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman a Katsina, da Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma. Iyaka ko an rufe ko an buɗe, mace za ta haihu, famfo za shi lalace, yaro za shi bukaci mai koya masa karatu.

Ku iyaye, maganar ta dawo kanmu. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Kada mu karɓi kuɗi daga hannun ɗan shekara 15 mu sa albarka ba tare da tambaya ba. Kada kuma mu tilasta wa yaro aikin da Allah bai ba shi ba domin mu yi taƙama a kasuwa. Mu zauna da su, mu ji abin da ke ransu, mu kai su wurin masu aikin su gani da ido, mu durƙusa tare da su.

Yaron nan na Bugaje yana nan cikin makaranta har yanzu, bai yanke shawara ba tukuna. Muna roƙonku ku tuna da shi cikin addu'a, shi da irinsa da ke cikin kowace ekklesiya.

Ya Ubangiji, ka ba 'ya'yanmu hikima su zaɓa da tsoronka, ka ba su abincin yini na halal, ka sa aikin hannuwansu ya zama albarka ga maƙwabtansu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.