Tambayar Yaro Amana Ce

'Yan'uwa, a duk ƙasar da ta ɗanɗana tashin hankali, bayan ƙura ta lafa masu bincike sukan zo daga jami'o'i da ƙungiyoyi, riƙe da takardu da na'urar ɗaukar magana. Suna so su san yadda jama'a suke kallon juna, da wanda kowa yake ɗauka nasa, da wanda yake ɗauka bare. A da, manya kaɗai ake tambaya. Yanzu kuwa sukan nemi izinin shiga makaranta domin su zauna da yara. A nan ne tambaya mai nauyi take tasowa ga iyaye da malamai: shin ya dace a zaunar da ƙaramin yaro a tambaye shi game da faɗa, da ƙabila, da addini?

Zuciyar yawancinmu takan amsa da a'a, kuma tana da hujja. Mun tashi muna jin cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Muna tsoron kada tambaya ta fama tsohon gyambo, ko ta sa wa yaro tunanin da ba shi da shi. Ba mu kaɗai muke da wannan tsoro ba. Hukumar Gaskiya da Sulhu ta Afirka ta Kudu, wadda Akbishop Desmond Tutu ya shugabanta, ta fara zama a 1996 domin sauraron abin da ya faru a zamanin wariyar launin fata. Ta yanke shawara ba za ta karɓi shaida daga wanda bai kai shekara 18 ba, don gudun sake jefa yara cikin firgita. Mutanen kirki ne suka yanke wannan shawara, da kyakkyawar niyya.

Amma shirun da muke yi domin kare yaro ya dogara ne a kan zato guda: wai yaron bai lura ba tukuna. Bari mu auna wannan zato da abin da aka gano a Ailan ta Arewa. A can an yi kusan shekara 30 ana rikici tsakanin masu son yankin ya zauna tare da Birtaniya, waɗanda yawancinsu Furotesta ne, da masu son ya haɗe da Jamhuriyar Ailan, waɗanda yawancinsu Katolika ne. Fiye da mutum 3,500 suka rasa rayukansu kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. A 2002, Paul Connolly da abokan aikinsa suka buga sakamakon binciken da suka yi da yara 352 masu shekara 3 zuwa 6. Sun tarar tun daga shekara 3 wasu yara sun fara fifita tuta da alamomin ɓangaren gidansu, tun ba su san ma'anarsu ba. A shekara 6 kuwa, kusan ɗaya cikin uku ya riga ya ɗauki kansa ɗan ɓangare guda, kuma kusan kashi 15 cikin 100 suna furta kalaman ƙyamar ɗaya ɓangaren.

Mu lura da kyau. Babu mai binciken da ya koya wa waɗannan yara rarrabuwa. A gida suka same ta, a kan titi, a bakin manya. Ashe shirunmu ba ya hana yaro sani. Abin da yake yi kawai shi ne ya bar yaro ya ɗauki abin da ya sani shi kaɗai, babu mai gyara masa kuskure, babu mai kwantar masa da hankali.

Har ila yau, akwai ilimin da yaro ne kaɗai yake da shi. Gaskiya ne babba ya fi hangen nesa, amma abin da ke ƙasa kusa da ƙafa, gajere ya fi ganinsa. Yaro ne ya san hanyar da yake kauce wa in za shi makaranta, da sunan da ake kiransa da shi a filin wasa, da abokin da ya daina gaishe shi tun daga ranar da aka yi faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk shirin zaman lafiyar da aka tsara ba tare da wannan ilimi ba, ɗinki ne aka yi ba a gwada mai riga ba.

Duniya ta zo ga wannan fahimta sannu a hankali. Sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1989, ya tabbatar wa yaro haƙƙin faɗin ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi, kuma a ba ra'ayin nauyi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar a 1991. A 1996 Graça Machel ta miƙa wa Majalisar rahotonta a kan illar yaƙi ga yara. A 2015 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2250, wanda ya ɗauki matasa a matsayin masu gina zaman lafiya, kuma binciken da ya biyo baya a 2018 ya saurari matasa fiye da 4,000. Saboda haka muna iya cewa sauraron yaro ba alfarma ba ce muke yi masa. Haƙƙinsa ne.

Sai dai wanda ya buɗe bakin yaro ya ɗauki amana, kuma hanyoyin cin wannan amana uku ne.

Na fari shi ne cutarwa. Tsoron mutanen Afirka ta Kudu ba na banza ba ne, amma akwai wata hanya. A Saliyo, bayan yaƙin 1991 zuwa 2002, inda aka tilasta wa yara da yawa ɗaukar bindiga, Hukumar Gaskiya da Sulhu ta ƙasar ta karɓi shaidar yara. Ta yi haka ne a asirce, ba tare da bayyana sunayensu ba, da taimakon ƙungiyoyin kare yara, kuma ta ɗauke su waɗanda aka zalunta da masu ba da shaida, ba waɗanda ake tuhuma ba. A 2004 aka fitar da rahoton cikin sauƙin harshe musamman domin yara. Darasin shi ne, kariya da sauraro ba kishiyoyi ba ne. Abin da ake bukata haƙuri ne da tanadi. Wanda bai tanadi mai kula da yaron bayan ya yi kuka ba, bai cancanci ya yi tambayar da za ta sa shi kuka ba.

Na biyu ya fi ɓoyuwa, wato tambaya kanta tana iya zana iyakar da take neman aunawa. A ba yaro takarda mai gurbi biyu, a ce ya zaɓi ɗaya: an riga an koya masa cewa mutane iri biyu ne, kuma dole ya tsaya a gefe guda. Ina yaron da mahaifinsa ɗan wannan ƙabila ne, mahaifiyarsa 'yar waccan? Ina wanda in an bar shi zai fara da sunan unguwarsu, ko ƙungiyar ƙwallon da yake so? Masu binciken 2002 ɗin nan sun nuna wa yaran kayayyaki da hotuna ne, suka tambaye su abin da suka sani a kansu, suka bar su su yi magana. Asalin mutum ba tambarin da ake buga wa buhu ba ne. Abu ne da yaro yake kan saƙawa, kuma mai tambaya ba shi da ikon ya ƙulle masa zaren.

Na uku shi ne mayar da yaro ado. A tara yara, su yi waƙa, su zana kurciya, a ɗauki hoto, a watse, babu abin da ya sake. A 2007 Laura Lundy ta Jami'ar Queen's da ke Belfast ta yi bayanin cewa ba wa yaro damar magana kaɗai bai isa ba. Sai an haɗa abu huɗu: wuri mai aminci, taimako domin ya iya furta abin da ke ransa, mai sauraro wanda yake da ikon yin wani abu, da kuma tasiri na gaske a kan shawara. A jami'ar an saba kafa ƙananan kwamitocin yara masu ba masu bincike shawara, su duba tambayoyin kafin a yi su, su kuma taya fassara amsoshin. A yankin dai, tun 2003 ake tambayar 'yan shekara 16 ra'ayinsu a kan zaman jama'a kusan kowace shekara, ana buga sakamakon kowa ya gani. Yaron da aka tambaya sannan bai sake jin komai ba, ya koyi darasi ɗaya: maganarsa ba ta da daraja. Da irin wannan tambaya gara ba a yi ba.

Wannan magana ba ta nesa ba ce a gare mu. Bayan rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001, unguwanni da yawa sun rabu bisa addini, kuma yaran da aka haifa a lokacin sun girma, wasunsu har sun zama iyaye, ba su taɓa zama aji ɗaya da ɗan wancan gefe ba. Masu bincike suna zuwa makarantunmu, kuma mu ake nema mu sa hannu. Kada mu kore su don tsoro, kada kuma mu miƙa musu 'ya'yanmu don kunyar baƙo. Mu tambaye su: wa ya aiko ku, kuma me za a yi da amsar? Za a nemi yardar yaron shi kansa, ban da tamu? Yana iya cewa ya fasa a tsakiyar hira ba tare da an tsawata masa ba? Yaya za a ɓoye sunansa, tun da abin da ya faɗa game da maƙwabta yana iya jawo wa gidansu fitina? Yaushe za ku dawo ku gaya wa yaran abin da kuka samo? Mai binciken kirki zai yi murna da waɗannan tambayoyi.

A ƙarshe, 'yan'uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wani lokaci ba yaron muke karewa da shirunmu ba, kanmu muke karewa. Muna tsoron abin da zai fito daga bakinsa, domin mun san inda ya ji shi: a tsakar gida, lokacin cin tuwon dare, sa'ad da muka zaci hankalinsa yana wurin wasa. Idan ɗan shekara 6 ya furta ƙyamar mutanen da bai taɓa zama da su ba, ba shi ne ya kamata ya sunkuyar da kai ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba ka iya tanƙwara abin da ba ka san inda ya karkata ba. Mu tambayi 'ya'yanmu, mu bar waɗanda suka cancanta su tambaye su, sa'an nan mu yi ƙarfin halin gyara abin da amsarsu ta nuna mana.