Ɗakin Ƙuryar Gida

A shekarar 2019 hare-haren 'yan bindiga suka koro dubban mutane daga Zamfara, Sakkwato da Katsina zuwa jihar Maraɗi. Saboda haka ɗakin haya ya yi daraja a garin Madarunfa.

A lokacin ne wata Hajiya ta koma wajen ɗanta a birnin Maraɗi, ta ba wani tela hayar gidanta da ke hanyar tafki, ɗaki uku, jika goma a wata. A zauren mai unguwa aka ƙulla maganar, da sharaɗi biyu: ba zai sa wani a gidan ba sai da sanin mai shi, kuma duk baƙon da zai zauna sai an kai shi mai unguwa ya gan shi. Garin da ke bakin iyaka ba ya wasa da wannan. Tela ya amsa, aka shafa fatiha.

Ba a yi wata biyu ba wata mata ta ƙetaro iyaka ta garin Ɗan Isa da 'ya'ya huɗu, an kashe mijinta. Tela ya ba ta ɗakin ƙurya a kan jika takwas, ya ja mata kunne: "In an tambaye ki, ki ce ke ƙanwar matata ce." Surfe take yi a gidajen mutane tana biyan shi. Abin baƙin cikin, ranar da ake rubuta sunayen 'yan gudun hijira don rabon abinci, tana ɗaki a ɓoye, tana tsoron kada a kore ta.

Da damina bangon ɗakin ya tsage. Maƙwabta suka taya ta kwashe kaya, nan asiri ya tonu. Aka aika wa Hajiya, aka taru a zaure.

"Ranka ya daɗe, taimako na yi," in ji tela. "Da na bar ta, a titi za ta kwana."

Mai unguwa ya ce, "Mai taimako ba ya ɓoyewa. Ka ci kuɗin marayu da ɗakin da ba naka ba, ka kuma raba su da rabonsu."

Hajiya ta daɗe ba ta ce uffan ba. Sannan ta dubi tela: "Ɗana, da ka zo ka faɗa mini, wallahi kyauta zan ba ta." Ta juya wajen matar: "'Yata, ki zauna har Allah Ya kawo sauƙi, ko dala ba za ki biya ba."

Aka lissafa abin da tela ya karɓa, wata biyar, jika arba'in. Mai unguwa ya yanke ya mayar wa matar, jika biyar duk wata. Hajiya ba ta tashe shi ba saboda iyalinsa, amma ta karɓe mabuɗin ɗakin ƙuryar daga hannunsa. Washegari mai unguwa da kansa ya raka matar aka rubuta sunanta da na 'ya'yanta.