Mai Ganganci Da Ran Wani Yake Caca

Tun ina yaro nake jin ana cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma na daɗe ina ɗaukar maganar a matsayin mafakar raggaye. Sai da na yi kwana huɗu a kulle cikin wani ɗan gidan gona a jihar Dakota ta Kudu, a Amurka, sannan na yarda cewa wanda ya fara faɗin ta ya taɓa ganin inda rawa ta kai wani kabari.

A tsakiyar watan Disamba na 2022 ne. Wani abokin karatuna ya gayyace ni hutu gidan iyayensa. Gida ne na katako, da ɗakin dabbobi a bayansa, shanu ba su cika arba'in ba, sai 'yan kaji. Daga nan kuwa fili ne fetal iyakar ganinka, ba tsauni ba kurmi, maƙwabcin da ya fi kusa sai ka yi tafiyar kilomita uku. Kwana biyu da isowarmu rediyo da wayoyi suka shiga gargaɗi: guguwar dusar ƙanƙara na tafe, kowa ya nemi inda zai fake.

Mu da iyakar hunturunmu hazo ne da jaura, sai an ɗan yi mana bayani. Dusar ita kaɗai ba ta cika kisa ba, iskar da ke tuƙa ta ita ce ajali. Hukumar kula da yanayi ta ƙasar ba ta lasafta abu cikin irin wannan guguwa sai iska ta kai gudun kilomita 56 a awa, ganin mutum ya gaza mita 400, a kuma shafe awa uku ana haka. Wannan a takarda ke nan. A fili, sama da ƙasa ne ke haɗewa su zama fari ɗaya, ka rasa gabas ka rasa yamma, numfashinka ya daskare a gashin baki.

Mahaifin abokina, wanda nake kira Baba har ya saba da sunan, bai yi dogon zance ba. Muka wuni jidar itace zuwa gindin murhu. Aka cika baho da tukwane da ruwa, domin famfonsu da lantarki yake aiki, in an ɗauke wuta ruwa ya tafi. Aka koro shanu zuwa bayan shingen da ke tare iska, aka zuba musu ingirici mai yawa. Saniya in guguwa ta same ta a fili, juya wa iska baya take yi ta yi ta tafiya har ta tarar da waya ko kwazazzabo, nan za ta tsaya dusa ta binne ta. A watan Oktoba na 2013 haka dubban shanu suka halaka a yammacin jihar, kuma Baba bai manta ba. Daga ƙarshe ya ɗauko wata doguwar igiya ya ɗaure a ƙofar kicin, ya ja ta har ƙofar ɗakin dabbobi. Taku sittin ne tsakani. Ni dai dariya na yi a zuci.

Washegari da rana, guguwa na tsakiyar aikinta, na zari riga zan leƙa kaji, in kuma ɗauki hoton da zan aika gida. Mahaifiyar abokina, Mama, ta tare ni a ƙofa ta ce, "Ɗana, in za ka fita ka riƙe igiyar nan. In ba za ka riƙe ba, koma ka zauna." Don kunya na riƙe. Ban yi taku goma ba na waiwaya, babu gida. Ba don igiyar da ke hannuna ba, da rantsuwa zan yi cewa ba a taɓa gina komai a wurin ba. Ashe baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Don haka duk abin da zan faɗa nan gaba, na fara da kaina.

Ganganci ba ya bukatar fassara. Ka ga rami, ka san rami ne, ka ce ai ƙafarka ta fi ta kowa. Ya bambanta da rashin sani, ya kuma bambanta da tilas, kuma tarihin wannan yanki ya raba ukun sarai. Ranar 12 ga Janairu, 1888, gari ya waye da ɗumi bayan kwanakin sanyi, yara da yawa suka tafi makaranta ba manyan riguna, manoma suka fita nesa da gida. Da rana guguwa ta faɗo kamar an buɗe ƙofa. Mutum 235 aka ƙiyasta sun mutu a Dakota da Nebraska da kewaye, da dama daga cikinsu 'yan makaranta ne da suka ɓata a hanyar gida, wasu an tsinci gawarsu ba nisa da ƙofa. Waɗannan ba wanda zai zarge su, gargaɗi bai iske su ba. Malaman da suka riƙe yara a aji suna ƙona benci da tebur har gari ya waye, galibi sun tsira da su. Wata matashiyar malama kuma a Nebraska, Minnie Freeman, iska ce ta lalata mata ɗakin karatu, zama ya gagara, ta ja ɗalibai goma sha uku cikin guguwar har ta kai su gida lafiya. Wannan tilas ce, kuma tilas ba ta zama laifi.

To, ga mutumin da ya sa na ɗauki alƙalami. A dare na biyu, wuta ta ɗauke, muna zaune gaban murhu da fitila, sai waya ta yi ƙara. Jami'an agaji na yankin ne. An rufe babbar hanya mai lamba 90 tsawon ɗaruruwan kilomita, an janye motocin share dusa domin su kansu direbobin ba sa gani. Wani magidanci ya iske an rufe hanya, sai ya ce shi ba a rufe masa ba, ya bi taswirar waya ya ratso ta hanyoyin ƙauye. Yanzu ga shi ya kafe cikin tarin dusa kusa da gonarmu, da matarsa da jaririya. Ba wanda ya fi Baba kusa, ba kuma wanda ke da tarakta sai shi.

Dattijon nan ya haura saba'in. Bai ce uffan ba. Ya sa aka gaya wa mutumin kada ya kuskura ya bar motar, ya riƙa tayar da inji na 'yan mintoci kawai, ya kuma tabbata dusa ba ta toshe salansa ba, don hayaƙin da ke dawowa ciki ba ya wari, barci kawai yake sa mutum, barcin da ba a tashi. Da iska ta ɗan lafa wajen asuba, shi da ɗansa suka hau tarakta. Tafiyar da ba ta fi ta minti biyar ba a ranar lafiya, awa huɗu ta cinye musu zuwa da dawowa. Mama ta kafa kujera a gaban taga tana kallon farin da ba a ganin komai cikinsa. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba.

Sun dawo da su da rai, alhamdu lillahi. Matar sai kuka take tana godiya. Shi kuwa gogan, da ya sha shayi jini ya dawo masa, sai ya shiga ba mu labarin motarsa, wai a-kori-kura ce mai jan ƙafa huɗu, ba ta taɓa kunyata shi ba, tsautsayi ne kawai. Har da cewa hukuma ta cika tsoro, abu kaɗan sai a rufe hanya. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, haka muke faɗa. Wannan kuwa sa gudu ya zo har ya kama shi, amma da yake wani ne ya ƙwace shi, bai ma san an kama shi ba.

Nan ne zafin abin yake. Mai ganganci yakan ce rayuwarsa ce, ina ruwan wani. Ƙarya yake yi. Bai tambayi jaririyar nan ba kafin ya sa ta a mota. Bai tambayi Mama ba ko ta shirya zama gwauruwa. Ya san a ƙasan zuciyarsa cewa in ta ɓaci akwai mai zuwa, saboda mutanen kirki ba sa iya jin kukan yaro su juya su kwanta. Da kirkin nan nasu yake caca. In ya ci, ya bugi ƙirji ya ce shi namiji ne, in ya faɗi, wani ya biya. Kuma sai ka ji an kawo tsautsayi, an kawo ƙaddara. Wace ƙaddara, bayan kwana biyu wayar da ke aljihunka tana yi maka ihu? Yaran 1888 da sun sami rubu'in wannan gargaɗi, da iyayensu ba su bari sun taka ƙofa ba. Kuma kada mu ce halin Turawa ne. Direban da ke danna mota cike da fasinja cikin ruwan da ya shanye gada da damina, yana cewa a yi addu'a kawai, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da wannan.

Ƙin tashi da karin maganar ke nufi ashe aiki ne ja. Na ga Baba yana son zuwa duba shanun da ke can ƙarshen shinge, yana kai da kawowa a ɗaki, amma ya danne zuciyarsa har iska ta ba da dama. Mutumin da ya iya haƙurin nan saboda ransa, shi ne kuma ya fita lokacin da ran wani ya bukata. Wanda ya kasa haƙurin kwana ɗaya a masauki, shi aka ɗauko kamar kaya.

Rana ta huɗu aka buɗe hanya. Muka taya baƙon haƙo motarsa, ya tsaya ya ɗauki hoto a gefenta yana murmushi, ya wuce. Baba kuwa, wajen ɗaura sarƙa a daren ceton nan safar hannunsa ta jiƙe, sanyi ya kashe naman yatsunsa. A watan Fabrairu likita ya yanke masa kan yatsu biyu na hannun dama.