Bangon da zai faɗi ƙasa

A zangon ƙarshe na karatunmu na zane da kwamfuta, malaminmu ya ba mu aikin da zai ci rabin makin shekara. Kowa ya nemo mawaƙi na gaske, ya tsara masa bangon faifan CD, gaba da baya da gefe: santimita 12 tsawo, 12 faɗi, a bar rarar milimita 3 kowane ɓangare saboda wuƙar mai yanka. Abokan karatuna suka bazama cikin Njamena neman samari masu waƙar zamani. Ni ko unguwa ban bari ba. Ƙanen mahaifiyata tela ne a nan Ngueli, shagonsa ba nisa da gadar da ta haye kogin Logone zuwa Kuseri, kuma duk watan Maulidi shi ake kira ya yi bege. Yana da waƙoƙi takwas na yabon Annabi (SAW), shida da Hausa, biyu da Larabcin Shuwa, murya zalla ba kiɗa. Na ce tsuntsu daga sama gasasshe.

Kafin mu fara, malam ya ba mu tarihin sana'ar. Da can a cikin takarda mai ruwan ƙasa ake sayar da faifan garmaho, ba zane ba komai, sai wajen 1940 wani matashi mai suna Alex Steinweiss ya shawo kan kamfanin Columbia na Amurka aka fara yi wa faifai zane. Ya nuna mana aikin Lemi Ghariokwu na Legas, wanda ya zana wa Fela Kuti bango 26 tun daga 1974. Abin da yake so mu riƙe ɗaya ne: bango dillali ne da ba shi da baki, aikinsa ya tsayar da mai wucewa. Kuma babu abin da ke tsayar da ɗan Adam kamar fuskar ɗan'uwansa. Wanda ya taɓa ganin yadda ake jera faifan finafinan Kano a rumfa ya san haka ne.

Saboda haka na ari kyamara, na ɗauki Kawu da yamma a bakin kogi, farar jallabiya, rawani, rana na faɗuwa ta wajen Kamaru. A sama na rubuta sunan Manzon Allah da manyan baƙaƙe masu ruwan zinariya. Kwana huɗu na yi a kansa, biyu daga ciki a shagon caji saboda an ɗauke wuta. Da na kai masa gwajin da na buga, ya tsayar da keken ɗinki, ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce, "Ya yi kyau, ɗana. Cire ni, ka cire sunan."

Na ce, "Kawu, idan na cire ku na cire sunan, me ya rage?"

Ya ce wannan kuma aikina ne, ai ni aka tura makaranta.

Na ɗauka tsohuwar maganar haramcin hoto ce, don haka na koma na yi shiri kamar mai zuwa kotu. Hadisan suna nan a Buhari da Muslim, ba mai musunsu: gargaɗin da aka yi wa masu sura cewa za a nemi su busa wa abin da suka zana rai, da labarin labulen Nana A'isha mai hotuna wanda Annabi ya ƙi, ta yanka shi ta yi matasai. Sai dai malaman Malikiyya, mazhabarmu, sun bambanta surar da ke da inuwa, wato gunki ko mutum-mutumi, da wadda ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle. Ta farko ce suka haramta, ta biyu iyakarta karhanci. Da kyamara ta zo, Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, Muftin Masar da ya rasu a 1935, ya rubuta risala guda yana cewa mai ɗaukar hoto bai ƙirƙiri komai ba, inuwar da Allah ya riga ya halitta ya tsare, kamar yadda madubi ke yi. Akwai waɗanda suka tsananta, irin su Shaihu Bin Baz na Saudiyya, da bai yarda da hoto ba sai don lalura kamar fasfo.

Na zuba wa Kawu duk wannan. Ya bar ni na kai aya, sannan ya nuna bango da almakashi. Hoton Shehu Ibrahim Inyass ne a rataye, wanda na tashi ina gani tun ban san kaina ba, har ya koɗe ya koma shuɗi-shuɗi. Wato ni kaɗai nake shari'ata. Abin da ya hana shi daban ne. Ya ce wanda ake yabo a waƙoƙin nan ba shi da hoto a duniya, kuma ba za a taɓa yi masa ba. To ina kunyar mai yabon da zai baje tasa fuskar a ƙofar gidan? Mai saye zai ɗauka yana kallon tela yana jin sunan Annabi, zuciyarsa ta rabu biyu.

Maganar suna kuwa, tambayata ya yi ko na tuna abin da muka kwasa bayan ambaliyar 2022. Na tuna. A watan Oktoba na shekarar Logone da Shari suka cika suka tumbatsa, ruwa ya shiga Walia da Ngueli da sauran unguwannin gunduma ta tara. Da ya janye, mun yi kwanaki muna tsince takardu daga laka: kalandun masallatai, katunan ɗaurin aure masu bisimilla a ka, bangwayen kasat na wa'azi da tafsiri. Wani na ɗago shi da tsinke daga bakin kwata, rabin aya na nan ana iya karantawa, ɗaya rabin ya narke. Kawu ya tara su a tsohon kwano, ya shanya, ya ƙona, ya binne tokar a gindin darbejiya.

A nan ne abin ya tsaya mini a rai, kuma har yau bai sauka ba. A fiƙihun da na je na haddace don in kayar da Kawu, hukuncin hoto sauƙi yake ƙarawa idan an wulaƙanta shi. Hoton da ke kan tabarma ko matashi, ana takawa ana zama a kai, ya fi wanda aka ɗaukaka a bango sauƙi, domin abin da ake gudu shi ne girmamawar da ke kai wa ga bauta. Suna mai tsarki kuwa akasin haka ne: ɗaukaka ce haƙƙinsa, faɗuwarsa ƙasa ita ce laifin. Ana ba da labarin Bishrul Hafi na Bagadaza, cewa mafarin tubarsa wata takarda ce mai bisimilla da ya tsinta a hanya, ya share ta ya shafa mata turare. Ga shi ni na haɗa abu biyun a kwali guda, ɗaya yana son ƙasa, ɗaya yana son sama, alhali kwalin nan makomarsa sananniya ce. Duk bangon da aka buga, ranar da za a yar da shi tana tafe. A makaranta an koya mana yadda bango zai shiga hannun mai saye. Ba wanda ya ce mana uffan game da inda zai je bayan ya fita daga hannun.

Kakanninmu ma suna da nasu tsarin, sai dai manufarsa ba ta dillali ba ce. Alƙur'anin hannu da ake rubutawa a Barno da Kano warwara ne, ba a ɗinke shi, ana haɗa shi tsakanin fata biyu a ɗaure da igiya, a sa a gafaka a rataye. Gafaka ba ta kiran kowa. Sutura ce, da ma'anar kalmar guda biyu, tufafi da rufin asiri. Adon yana ciki, inda sai wanda ya buɗe zai gani. Ko allon zayyana da ake yi wa mai sauka, da jansa da rawayarsa, ana yin sa ne don yini guda na girmamawa, sannan a adana. Ban ce malaminmu ya yi kuskure ba. Fela yana da magana da gwamnati, yana bukatar bango mai ihu, kuma Lemi ya ba shi. Amma kalmar bango ɗaya muke amfani da ita ga abin da ke nunawa da abin da ke rufewa, ni kuma an ba ni kayan gafaka na je ina yi musu allon talla.

Abin da na miƙa a ƙarshe zayyana ce. Na ari allon saukar wani ɗan maƙwabtanmu, na kwafi zubin gidajensa, na tsaya a launi uku na tawadar tsangaya: baƙi, ja, da rawaya. A tsakiya, inda idon mai kallo ke faɗawa, na bar fili fari fat. A ƙasa da ƙananan baƙaƙe na sa "Bege takwas" da laƙabin Kawu, shi ke nan. Malam ya juya shi gaba da baya, ya yaba daidaiton layukan, ya ce amma idan aka ajiye wannan a rumfa ba mai sanin waƙa ce ko maganin shawara. Ya ba ni 11 bisa 20. Ban ji daɗi ba, kuma ban iya cewa ya zalunce ni ba.

Kwafi talatin muka buga a Kuseri, Kawu ya raba wa abokansa a zawiya. Yawancinsu ma ba su da abin kunna CD. Waƙoƙin ta waya suka yaɗu, daga hannun yaran da ke tura wa mutane waƙa a memori a bakin gada. Watanni bayan haka ina kan kilando, wato babur ɗin haya, za ni kasuwa, na ji muryar Kawu na tashi daga aljihun direban. Da muka tsaya na roƙe shi ya nuna mini wayar. A ɗan murabba'in da bai fi farcen babban yatsa ba, ga Kawu nan baki buɗe, makirufo a hannu, wani ya ɗauke shi a wajen Maulidi ya manna. An rubuta sunan Annabi a sama da kore, har da taurari.

Na kai masa labari da yamma, ina jiran ya yi faɗa. Ya tambaye ni ko hoton waya yana faɗuwa a kwata. Na ce sai dai a goge shi. Ya ce to idan an goge, ina sunan yake tafiya? Na ce ban sani ba. Ya gyara zaren da ya tsinke, ya ce in tambayo malamin namu, ya ci gaba da taka kekensa.