Wa Zai Biya Ɗanka?

Ya ɗan'uwa mai karatu, a ce ɗanka ya zo hutu daga lakwal. Da asuba ya ɗauki adda, ya ce shi da abokansa za su gonar wata gwauruwa su gyara mata tohon kalgo da sabara. Ba kuɗi, ba hatsi. Za ka bar shi? Ko kuwa za ka ce, "Tamu gonar fa? Wa zai biya ka?"

Tambayarka tana kan hanya. Kai ka ci da shi, ƙarfinsa kuwa na gida ne. Amma bari in tuna maka da wani abu.

A shekara ta 1983 Toni Rinaudo, ma'aikacin mishan na SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsire-tsiren da muke sarewa kowace bazara, ashe itatuwa ne. Kututturansu da saiwoyinsu suna nan da rai a ƙasa. In an zaɓi toho mai ƙarfi aka rage sauran, sai ya miƙe ya zama itace. Shi ne sassabin zamani.

Sai ga yunwar 1984. Ina yaro a lokacin, ban manta layin karɓar hatsi ba. Aka ce duk wanda ya bar itatuwa a gonarsa za a auna masa abinci. Mutane suka bari. Da abincin ya ƙare, yawancinsu suka koma suka sare. Ban zarge su ba, mahaifina ma yana ciki. Abin da aka yi domin tiya, tiya ce ke riƙe da shi. Kaɗan ne suka bar nasu, aka yi ta ce musu mahaukata. A gonakinsu ne muka ga iska ta daina binne shuka da rairayi, mata suka sami itacen wuta kusa da gida. Daga baya a Ɗan Saga, ƙasar Agye, har ƙauye ya naɗa masu tsaron itatuwa.

To, iska ba ta san iyakar gona ba. In gonar gwauruwar nan ta zama fili fetal, rairayinta taka gonar zai rufe. Gawon da ke tsaye a gonarta kuwa, awakin wa za su ci 'ya'yansa da rani? Littafin Farawa 2:15 ya nuna mana aiki biyu aka ba Adamu a gona, noma da kiyayewa. Na farkon ne kawai ake aunawa da tiya.

Ka bar yaron ya tafi, ko da kwana ɗaya ne a mako. Sai dai ka ce ya nemi izinin mai gona tukuna. Ya wasa addarsa da kyau, ya riƙa sara daga ƙasa zuwa sama, kada ɓawon ya yage.