Ladabi da Amana a Ɗakin Tiyata

A ɗakin tiyata mutum ɗaya ne ba shi da bakin magana, wato majinyacin da aka sa wa barci. Ya damƙa ransa amana a hannun likitan fiɗa, da likitan sa barci, da ma'aikatan jinya masu miƙa kayan aiki suna ƙirga su. Tambayata ita ce: idan ƙaramar ma'aikaciya ta ga auduga ɗaya ba ta cika a ƙirga ba, babban likita kuma ya haɗe rai yana shirin ɗinke ciki, me ladabi ya wajabta mata?

An tarbiyyantar da mu a kan cewa bin na gaba bin Allah ne, kuma yaro ba ya katse babba. Ba na raina wannan tarbiyya. Idan jini ya ɓalle, tilas a bi murya ɗaya, domin muhawara a wannan lokaci ɓarna ce. Sai dai girman da ake ba likita, saboda majinyaci ake ba shi. Duk shirun da zai kare martabar likita ya bar auduga a cikin majinyaci, ya tashi daga kunya ya koma cin amana.

A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da jerin abubuwa 19 da za a tabbatar kafin tiyata da bayanta, bisa jagorancin likita Atul Gawande. Cikinsu akwai cewa kafin a yanka fata, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa. An gwada tsarin a asibitoci 8, daga Landan har Ifakara ta Tanzaniya, sakamakon da aka buga a 2009 kuma ya nuna mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. A fahimtata, wadda aka nemi jin sunanta da farko ta fi samun ƙarfin halin yin magana idan ta hango kuskure.

Saboda haka nauyin ya fi rataya a wuyan babba. Likitan da ke daka tsawa yana koya wa na ƙasa da shi yin shiru, shirun nan kuwa majinyaci ne zai biya farashinsa. Ma'aikaciyar ta ce, “Likita, ƙirga bai cika ba.” Shi kuma ya dakata, a nemo audugar.